Ƙidaya da Numfashi Ɗaya

Gyadi-Gyadi, Kano.
17 ga Afrilu, 2023.

Maigidana Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da aiki, da sanyin Bukuru. Yaya gwiwar nan da ke damunka in ka daɗe a tsaye? Mu nan Kano sai godiya. Zafi ne dai ya buɗe, ko ruwan randa sai ka ce daga kan wuta aka sauke shi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Kan yatsuna ne ya yi tauri har wayar ba ta jin taɓawata, sai na danna sau uku kafin harafi ya fito. Biro kuwa na naɗe shi da tsumma, yana zama a hannu. Ban da haka, in na yi doguwar magana a waya haki ke kama ni, kai kuma na lura da ka ji hakin sai ka ce ana nemanka a ofis. Takarda ba ta haki. Zan riƙa ba direban motar Jos a tashar Unguwa Uku, in ya isa ya kira ka.

Ranar Alhamis na koma asibitin koyarwa. Ka tuna sunan ciwon da likita ya rubuta mana bara, sikilerodama, wanda ya ce ma'anarsa taurin fata? Ashe ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Yakan shiga huhu ya busar da shi kamar tsohon soso, shi ya sa suke son su riƙa auna numfashina a kai a kai.

Suka kai ni wani ɗaki mai na'ura da bututu. Ana matse wa mutum hanci, ya kama bututun da leɓe, ya ja iska, ya hura da iya ƙarfinsa. To, ka san yadda bakina ya tsuke. Leɓen suka ƙi rufe bututun. Sau shida ina hurawa iska na zurarewa ta gefe. Mai na'urar ya yi haƙuri da ni sosai, amma daga ƙarshe ya ce sakamakon ba abin dogaro ba ne. Na fito na zauna a benci, kunya ta rufe ni, kamar ɗalibar da ta faɗi jarrabawar da kowa ya ci.

A nan wata ma'aikaciyar jinya, Sista Zulaihat, ta same ni. Ta duba katina ta ce, “Malama, ashe lissafi kike koyarwa? To, ga gwajin da ba ya bukatar bututu. Cika ƙirjinki da iska, ki yi ta ƙirga da murya, ba gudu ba jan ƙafa, har iskar ta ƙare.” Ta ce in ƙirga da Turanci, don goma sha bakwai ɗinmu na Hausa cin numfashi gare shi, kuma kada in riƙa canza harshe. Na kai ashirin da bakwai. Ita ta gwada ta kai arba'in da ɗaya, muka yi dariya. Sannan ta sa na riƙe numfashi tana duba agogo, na yi daƙiƙa ashirin da biyar.

Ta ce in riƙa yi kowace safiya a zaune, kafin in karya, in rubuta a littafi. In lambar ta sauka da huɗu ko biyar ta zauna a haka mako guda, kada in jira ranar ganin likita, in taho. Ta ce gwajin ba ya maye gurbin na'ura. Kamar karen gida yake, ba ya kama ɓarawo, amma yana tada mai gida.

Ista ta wuce. Na yanka kaza na yi maka miyar da kake so, da tunanin ko za ka shigo ba zato. Kwana uku ina ci. Na san sabon wurin aiki sai a hankali, wata biyar ba ka leƙo gida ba, ba wani abu ba ne.

Don Allah kada ka gaya wa 'yarmu Hope maganar huhun nan. Bari ta gama jarrabawarta a Pankshin hankali kwance.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Hannatu.

Gyadi-Gyadi, Kano.
4 ga Yuni, 2023.

Baban Hope,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ga saƙonka a waya, cewa takarda ta iso, Allah ya sawwaƙe. Amin. Na karanta shi ya fi sau goma, ko da yake kalmomin ba su kai goma ba.

An yi ruwan farko mai ƙarfi shekaranjiya. Kwanon ɗakin girki yana yoyo a inda ka liƙe bara, na sa roba.

An cire ni daga aji. Iyayen yara uku ne suka je wurin hedimasta a kan farin tabon da ya fito mini a wuya da yadda yatsuna suka lanƙwashe. Suka ce kuturta ce. Na kai takardar likita mai cewa ciwon ba ya yaɗuwa, hedimasta ya karanta ya ce shi ya yarda, amma ba zai iya karanta wa dukan unguwar Daurawa ba. Yanzu ina ɗakin ajiyar littattafai. Bango ɗaya ne tsakanina da 'yan aji huɗu. Ina jin sabon malamin yana koya musu raba lamba, ina jin inda suke ɓata, ba halin in leƙa. Shekara goma sha tara ina riƙe alli, Iliya.

A gida ma maƙwabta sun samo sabon guga sun rataye a bakin rijiya, suka bar mini tsohon. A coci na bar ƙungiyar mawaƙan zumuntar mata, don ba na iya kai baiti ƙarshe. In an zo gaisawa da hannu, wasu sukan ɗaga mini hannu daga nesa suna murmushi. Ba mugaye ba ne. Tsoro ne.

Amma ina da labari mai daɗi. Na yi ƙawa.

Ranar ganin likita aka sa mu wani gwajin, wato tafiyar minti shida. Akwai dogon baranda da aka yi wa alama a ƙasa, mutum ya yi ta kai da komo, Sista na ƙirga zagaye, da wani ɗan abu maƙale a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Nawa ya ƙi nuna komai, don yatsun sun yi sanyi sun yi fari fat. Sai na ji murya daga benci: “Sa hannun a hamata, 'yar'uwa, ki ƙirga ɗari. Haka muke yi.” Na juya na dubi mai maganar. Bakinta irin nawa, hancinta ya tsuke irin nawa, goshinta na sheƙi ba ko layi ɗaya. Kamar na leƙa madubin da ke nuna mutum bayan shekara biyar.

Sunanta Hajiya Mairo, daga Ƙauyen Alu. Tela ce, har yatsu suka hana ta zare allura. Mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta Bilkisu. Shekararta takwas da ciwon, kuma kafin ta san sunansa ta sha jiƙe-jiƙe da turare iri-iri, wai jifa aka yi mata. Ba ta gane huhunta ya taɓu ba sai da ya yi nisa. Ƙidayarta sha uku. Duk da haka ban taɓa ganin mai barkwanci irinta ba. Ta ce ciwon nan gata ya yi mana, mu ne matan da ba za su taɓa yin tamoji a fuska ba.

Yanzu kowace safiya da ƙarfe bakwai wayata takan yi ƙara. In na ɗauka sai ta ce, “Sha uku.” Ni kuma in ce, “Ashirin da huɗu.” Sai ta ce, “Madalla,” ta kashe. Ba ma ɓata iska. Sau da yawa ita ce muryar da ke kiran wayata a yinin.

I, ashirin da huɗu. Ta ɗan sauka, amma ba ta kai yadda Sista ta ce ba.

Akwai hutun Sallah ƙarshen watan nan, kwana biyu, ga Asabar da Lahadi a kusa. Ban ce dole ba.

Taka,
Hannatu.

Gyadi-Gyadi, Kano.
23 ga Yuli, 2023.

Maigida,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, hannun yana ciwo yau.

Lambar ta faɗi. Daga ashirin da uku ta koma ashirin, sannan sha takwas, ta tsaya a nan kwana takwas. Riƙon numfashi ya koma daƙiƙa sha biyar. Daga bakin titi inda adaidaita ke sauke ni zuwa ƙofar gida sai na tsaya sau biyu, ina yi kamar ina gyara takalmi. Na so in yi shiru, ina cewa ko damina ce. Da na gaya wa Hajiya Mairo, ran nan ba ta ce madalla ba. Ta ce, “Ni ban sami wanda ya koya mini ƙirga da wuri ba. Ke kin samu. Tashi ki tafi.”

Na kai littafin. Likita ya bi shafukan da yatsa, ya saurari bayana, ya ce yana jin ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Aka samo mini ƙaramin bututu irin na yara, na hura a na'ura, wannan karon ta karɓa. Aka ɗauki hoton ƙirji a babbar na'urar nan da ake tura mutum ciki. Duka suka faɗi abin da littafina ya riga ya faɗa. Tabo yana yaɗuwa a ƙasan huhun biyu.

Likita bai ɓoye mini ba. Inda ya riga ya bushe ba zai dawo ba, amma ana iya tare sauran, tun da an gani da wuri. Za a riƙa sa mini wani magani mai ƙarfi ta jijiya, sau ɗaya a wata, har wata shida. Yana sa amai da jiri. Sun ce lalle in zo da wani nawa, musamman ranar farko.

Ranar Alhamis ce, 10 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe.

Iliya, tun da ka tafi ban roƙe ka komai ba. Yau ina roƙo. Ko da motar Laraba ka zo, ka koma Juma'a. Ba sai ka taɓa ni ba. Ka dai zauna inda zan gan ka.

Matarka,
Hannatu.

Gyadi-Gyadi, Kano.
20 ga Agusta, 2023.

Iliya,

Ina fata kana lafiya. Na yi kwana goma kafin in iya ɗaukar biro, rabi don jiki, rabi don ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Laraba na share ɗaki, na canza zanen gado, na jiƙa wake. Da yamma na fitar da kujera bakin ƙofa, duk adaidaitar da ta rage gudu sai na miƙe. Da aka kira magariba na mai da kujerar ciki. Wayarka a kashe.

Da safe na tafi ni kaɗai. Sista Zulaihat ta ɗauko takarda ta ce, “Malama, wa ya rako ki?” Na ce yana hanya. Ta ce to mu jira. Muka jira har tara da rabi. Tana shigowa tana fita, ba ta son ta sake tambaya, ni kuma ina kallon ƙofa don kada in kalle ta. Daga nan ta ce in ba kowa, sai dai a ɗaga zuwa wani mako.

Sai ga Hajiya Mairo a bakin ƙofa, ta dafa bango, leɓenta sun yi shuɗi. Da safen da ta kira ni ta ji muryata, ta gane. Ta hau adaidaita daga Ƙauyen Alu ba tare da ta gaya wa 'yarta ba. Daga ƙofar asibiti zuwa ɗakin, sau biyar ta zauna. Sai da ta yi minti biyu kafin magana ta fito. Ta ce wa Sista, “Rubuta. Yayarta.” Sista ta dubi hijabinta, ta dubi gicciyen da ke wuyana, ta sunkuya ta rubuta.

Awa huɗu aka yi. Da aman ya zo, ita ta riƙe mini roba da waɗannan lanƙwasassun yatsun, tana shafa bayana da gefen hannu. Na manta rabon da wani ya taɓa ni ba da safar hannu ba. Na yi kuka, ta ce in bari, kuka ma iska yake ci.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban rubuto ba. Ranar Lahadi bayan sujada na gamu da Jonathan na tsohon ofishinku. Ya tambayi lafiyarka, sannan ya ce har yau suna mamakin yadda ka nemi canjin wurin aikin nan da kanka, har sau biyu kana rubutawa, alhali ga ƙarin girma na jiranka a Kano. Da zuciya ɗaya ya faɗa, a zatonsa na sani. Na ce masa ai sanyin Filato kake so.

Ka ce mini tura ka aka yi. Har ka buga tebur kana faɗa da mutanen Abuja, ni ina ba ka haƙuri.

Na dawo gida na zauna, abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kofin da ka ware ka ce na ofis ne. Tabarmar da ka koma a falo ka ce zafi. Ranar da na ɗora hannu a kafaɗarka a coci, ka sunkuya ɗaukar littafin waƙa, ba ka ɗago ba sai da na janye. Duk na gani a lokacin. Na ƙi ƙirgawa ne kawai.

Ba zagi na ɗauki biro in yi ba. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce, kuma ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba. Abu ɗaya nake so, ka gaya mini da bakinka, ko da hannunka. Na gaji da ƙirƙiro maka uzuri, ni da ba ni da iskar da zan yi ta bayani.

Hannatu.

Gyadi-Gyadi, Kano.
22 ga Oktoba, 2023.

Baban Hope,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya. Takardarka ta iso tun farkon wata, shafi biyu da rabi. Na gode da ka rubuta. Ban amsa da wuri ba don an yi mini rasuwa.

Hajiya Mairo ta rasu ranar Talata, uku ga wata. Tun Satumba lambarta ke sauka, sha ɗaya, tara, bakwai. A makon ƙarshe ba ta iya faɗa, sai ta kira ta yi shiru, in faɗi tawa, in ji ta ƙwanƙwasa wayar da farce sau biyu. Ran nan ƙarfe bakwai ta yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Na zauna riƙe da ita har takwas. Ban kira ba. Na sani.

Na je Ƙauyen Alu ta'aziyya. Na tsaya daga bakin ƙofa, don na saba yanzu. Bilkisu ta taso daga cikin mata ta kama hannuna biyu, ta ja ni har tsakiyar tabarma, ta ce musu, “Ga ƙanwar Inna.” Aka matsa mini wuri. Aka miƙo mini ruwa a kofin da kowa ke sha.

Har yanzu nakan yi ƙidayar da safe, sai dai ba wanda zan gaya wa. Nakan faɗa da murya duk da haka.

Ka rubuta cewa ba ƙina kake yi ba, tsoro kake ji. Ka ce ka san ba a ɗauka, likita ya gaya maka, amma in ka dubi fuskata sai ka rasa matar da ka aura, kuma ba za ka iya zama kana kallo ana ɗauke ta kaɗan kaɗan ba. Ka ce ranar Larabar nan, tara ga Agusta, ka je tasha, har ka shiga mota, ka sauka kafin ta cika. Na yarda da kai, kuma ban raina ka ba.

Ni ma ina tsoron fuskar nan, Iliya. Kullum da safe ita ke fara gaishe ni. Sai dai ni ba ofishin da zan rubuta wa in nemi canjin wuri.

Ga labarin jiki, in kana so. An yi mini ƙarin maganin nan ta jijiya sau uku. Gashina ya zube sosai, ina ɗaura ɗankwali har a ɗaki. Amma mako shida ke nan lambar tana tsakanin sha takwas da sha tara, ba ta sauka ba. A tafiyar minti shida na ƙara rabin zagaye. Likita ya ce kada mu yi saurin murna, amma alama ce ciwon ya ja birki. Sista Zulaihat ta roƙe ni in riƙa koya wa sababbin zuwa yadda ake ƙidayar da yadda ake rubutawa. Ranar Alhamis ina da ɗalibai huɗu a benci, ɗaya tsoho ne daga Wudil da bai san lambar Turanci ba, muka shirya da shi ya riƙa yi da Larabci. Ka ga na koma aji.

Na kuma yi abin da ya kamata in yi tun Afrilu. Na rubuta wa Hope komai, ciwon da huhun da maganin. Ni na ce a ɓoye mata, har na hana ta zuwa dogon hutu da ƙaryar ana gyaran ɗaki, wannan laifina ne ba naka ba. Game da kai ban ce mata komai ba, wannan naka ne ka faɗa. Ta kira ni tana kuka tana faɗa, wai na mai da ita baƙuwa. Da ta huce ta ce in yi ƙidayar tana ji. Na yi. Ta ce, “Mama, sha tara ai ta fi sifiri nesa.” Ta nemi izini a makaranta, za ta taho ranar Laraba.

Wannan ce takarda ta ƙarshe da zan kai Unguwa Uku. Ba fushi ba ne. Hanyar tashar tana ba ni wuya, jiran amsa kuma ya fi hanyar wuya. Gidan yana nan inda ka bar shi, makullinka yana buɗe ƙofar, sunanka nake amsawa har yanzu.

Ƙarin magani na huɗu ranar Alhamis ne, biyu ga Nuwamba, ƙarfe takwas. Ba roƙo nake ba, sanarwa ce. Kujera ɗaya suke ajiyewa a gefen kowane gado, kuma Hope ce za ta zauna a kai. In ka zo, sai ka tsaya.

Allah ya kiyaye ka.

Ni ce,
Hannatu Iliya.